Lauyan da ya yi min aikin sayen shago a Ingila ya yi sakaci, ina zan kai kuka?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya daga Ingila. Ya ce ya sayi shago da sunan ƙaramin kamfaninsa kan fam dubu 300, da niyyar buɗe wurin sayar da abinci mai zafi irin na a saya a tafi da shi. Lauyan da ya riƙe masa aikin ya yi ta jan ƙafa, ba ya ɗaga waya, imel sai ya yi sati biyu bai amsa ba, saura kwana kaɗan a kammala ciniki sannan aka gaya masa akwai harajin VAT a kan ginin, kuma kuɗin aikin lauyan ya haura abin da aka faɗa masa tun farko. Yanzu wata goma da karɓar makulli, sai ya gano a takardar mallakar akwai tsohon sharaɗi da ya hana sayar da dafaffen abinci a wurin, sannan lungun baya da yake tunanin zai riƙa shigo da kaya ta nan ba shi da haƙƙin bi a rubuce. Yana tambaya ko ya kai ƙarar lauyan wurin SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, su karɓo masa kuɗinsa, kuma ko ya ƙi biyan ragowar kuɗin aikin.

Toh Malam, da farko dai sannu, Allah ya mayar da alheri. Na san yadda abin yake da ciwo, mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya biya ƙwararre musamman don kada ya faɗa rami, kuma ya zo ya faɗa ramin. Amma ina roƙonka ka ɗan danne fushin ka saurare ni, saboda abin da ka lissafo ba matsala ɗaya ba ce, matsala biyu ce daban, kuma ƙofar da ake bi wa kowace daban take. Rashin ɗaga waya da jan ƙafa da ƙarin kuɗin aiki, wannan rashin kyawun hidima ne. Shi kuwa sharaɗin hana sayar da abinci da maganar lungun baya, in har ya tabbata bai gaya maka ba, wannan sakaci ne na sana'a wanda ya jawo maka asarar dukiya. Mutane da yawa suna cakuɗa su wuri ɗaya su kai inda bai dace ba, a ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su sa hannu, daga baya su gane sun rufe wa kansu babbar ƙofar da hannunsu. Wannan shi ne abin da nake tsoron ya same ka.

Bari in fara cire maka SRA daga lissafi. Ita hukumar aikinta sa ido kan ɗabi'ar lauyoyi a Ingila da Wales, wato wanda ya yi ƙarya, ko ya taɓa kuɗin wanda yake wa aiki, ko ya yi wa ɓangare biyu aiki a ɓoye alhali muradunsu sun ci karo. Tana iya cin tararsa, tana iya rufe ofishin, tana iya tura shi kotun ladabtar da lauyoyi a ƙwace lasisinsa. Amma ba ta biyan diyya don an yi maka aiki mara kyau, kuma ba za ta umarci lauya ya biya ka asarar shagonka ba. Tana da wani asusu na biyan waɗanda aka cinye wa kuɗi, amma wannan na wanda lauya ya yi wa rashin gaskiya ne ko ya kasa dawo masa da kuɗin da ya riƙe, kai kuwa a bayaninka ban ga inda ka ce an ci kuɗinka ba. In daga baya ka ga a fayil an sauya kwanan wata ko an ƙirƙiro wasiƙar da ba a taɓa turo maka ba, to a nan ne SRA za ta shigo, kuma a lokacin kada ka yi jinkiri.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka rubuta wa kowa wasiƙar fushi, shi ne ka nemi fayil ɗinka gaba ɗaya a rubuce. Akwai takardu biyu da kusan duk shari'arka ta rataya a kansu. Ta farko ita ce wasiƙar da suka turo maka ranar da suka karɓi aikin, wadda ta faɗi abin da za su yi da abin da ba za su yi ba, da kiyasin kuɗi, da yadda ake kai koke. Karanta ta a tsanake, domin ofisoshi da yawa suna rubuta cewa ba sa ba da shawara kan haraji ko kan izinin tsarin gari, kuma da wannan layin za su fara kare kansu. Ta biyu ita ce rahoton da lauya yake rubuta wa mai saye kan takardun mallaka kafin a yi musayar yarjejeniya, wato matakin da ciniki yake ɗaure mai saye da mai sayarwa, inda ya kamata ya zayyana duk wani sharaɗi da ke manne da ginin, da hanyoyin shiga da fita, da sakamakon binciken kansil da na ruwa da magudana da na gurɓatar ƙasa, da amsoshin da mai sayarwa ya bayar kan jerin tambayoyin nan da ake kira CPSE. A nan fa sai ka yi wa kanka adalci. In sharaɗin yana cikin rahoton a shafi na tara, an rubuta shi ɓaro-ɓaro, kai ne ba ka karanta ba ka sa hannu, gaskiya shari'arka ta yi rauni sosai. In kuwa babu shi kwata-kwata, ko an dai manna maka kwafin takardar Land Registry, ofishin rajistar filaye da gine-gine, ba tare da an yi maka bayanin abin da take nufi ba, ko kuma ba a turo maka rahoton ba sam, to kana da magana mai ƙarfi.

Sai wata tambaya wadda ita ma nauyinta ɗaya da maganar rahoton: shin lauyan ya san abin da za ka yi da shagon? Je ka tono imel ɗinka da saƙonnin WhatsApp da fom ɗin da ka cike a farko, ka nemo duk inda ka ambaci cewa abinci za ka sayar. Ko layi ɗaya ne, zinariya ne a wurinka. Domin sharaɗin hana dafa abinci ba komai ba ne ga mai buɗe shagon ɗinki, amma ga mai niyyar soya kaza shi ne cinikin gaba ɗaya, kuma lauyan da ya san niyyarka ya ga wannan sharaɗin ya yi shiru, da wuya ya samu abin faɗa. A dokar Ingila mai sayarwa ba dole ne ya tona maka duk aibin gininsa ba, kai mai saye ne aka ɗora wa bincike, shi ya sa ma ake ɗaukar lauya tun asali. Kuma tunda muna kan wannan, ka duba wani abu da ba ka ambata ba. Tun watan Satumba na 2020 aka haɗa shaguna da ofisoshi da gidajen cin abinci na zama a rukuni ɗaya da ake kira rukunin E, amma wurin sayar da abinci mai zafi na a saya a tafi ba ya cikin wannan rukunin, shi kaɗai yake, sai an nemi izinin kansil kafin a mayar da shago haka. Ke nan ko babu wancan sharaɗin akwai wannan shingen. Duba ko ya gaya maka.

Yanzu ga gargaɗin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Kada ka je wurin maƙwabcin da kake zaton shi ne ke cin gajiyar sharaɗin nan, ko mai lungun baya, ka ce za ku fahimci juna. Na san ɗabi'armu ce, mutum ya ga matsala ya tashi ya je a gaisa a sasanta, kuma a wasu wuraren hakan shi ne daidai, amma a nan zai iya ɓata maka hanya mafi sauƙi. Akwai inshora ta musamman da ake saya sau ɗaya don rufe irin wannan aibi na takardar mallaka, kuma kamfanonin inshorar yawanci ba sa bayarwa in an riga an tuntuɓi wanda zai iya tayar da maganar, saboda ka riga ka tashe shi daga barci. Bari sabon lauya ya fara dubawa. Wani lokacin sharaɗin tsoho ne ƙwarai har ba a san wanda ke da ikon tilasta shi ba, wani lokacin kuma ana iya neman kotun filaye ta sassauta shi ko ta cire shi ƙarƙashin sashe na 84 na dokar kadarori ta 1925, sai dai wannan yana cin lokaci da kuɗi. Shi ma lungun, in masu shagon da suka gabace ka sun yi shekara 20 suna bi a fili ba tare da neman izini ba kuma ba a hana su ba, akwai yiwuwar haƙƙin ya tabbata ta hanyar daɗewar amfani, amma sai an samu shaida. Duk wannan yana da muhimmanci har ga ƙararka, domin doka ta ɗora maka ka yi iya ƙoƙarinka wurin rage asararka, ba za ka rufe shago ka naɗe hannu shekara uku kana jiran lauya ya biya ka duka ba.

Maganar VAT kuma bari in yi maka lissafi ka ga inda asarar take. In mai ginin ya zaɓi sanya VAT a kan gininsa, kashi 20 ne, wato fam dubu 60 a kan dubu 300 ɗinka. In kamfaninka yana da rajistar VAT kuma kasuwancinka na masu biyan VAT ne, akwai yiwuwar ka karɓo wannan daga HMRC, hukumar harajin Birtaniya, sai dai wahalar nemo kuɗin cikin gaggawa da kuɗin ruwan da ka biya in rance ka ci. Abin da ba ya dawowa shi ne ƙarin harajin sayen gini, SDLT, saboda ana lissafa shi ne a kan farashi haɗe da VAT. A gine-ginen kasuwanci dubu 150 na farko babu haraji, daga nan zuwa dubu 250 kashi 2, abin da ya haura kashi 5. A kan dubu 300 harajin fam 4,500 ne, a kan dubu 360 kuwa fam 7,500 ne, ka ga bambancin fam 3,000 ke nan. Amma ka lura, ko da lauyan ya gaya maka da wuri, VAT ɗin yana nan, ba shi ya sanya shi ba. Abin da za ka iya cewa shi ne da na sani kafin in sa hannu da na nemi ragi ko na fasa ko na shirya kuɗina ba tare da rancen gaggawa ba. Tambayar VAT tana cikin tambayoyin CPSE, don haka duba fayil ka ga ranar da amsar ta iso ofishinsa da ranar da ya sanar da kai, musamman ko kafin musayar yarjejeniya ne ko bayanta, domin daga ranar musaya ka ɗaure, kafin alƙalaminka na kashi 10 yana cikin haɗari in ka janye.

Kana cikin duba fayil ɗin ka tabbatar da wasu abubuwa da sauri, tunda lauyan da ya yi sakaci a wuri ɗaya yakan yi a wani. An shigar da takardar SDLT cikin kwana 14 da kammala ciniki? An tura neman rajistar sunan kamfaninka a Land Registry? In banki ne ya ba ka rance, an yi rajistar jinginar a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, cikin kwana 21? Sannan akwai rangwamen haraji kan kayan da ke manne a gini kamar wayoyin lantarki da na'urar ɗumama ɗaki, wanda ake daidaitawa da mai sayarwa cikin shekara biyu da ciniki, wannan akanta za ka nuna wa tun lokaci bai ƙure ba.

To yanzu ƙofofin. Kowace za ka bi, koke a ofishin lauyoyin shi ne farko. Doka ta wajabta musu su kasance da tsarin karɓar koke, kuma akwai wanda aka ware wa wannan aikin, ba shi lauyan da ya yi maka aikin za ka rubuta wa ba. Rubuta a taƙaice, da kwanan wata, abu kaza ya faru ranar kaza, na rubuto ranar kaza ba a amsa ba sai ranar kaza, an ce min kuɗi kaza aka caje ni kaza, ga abin da nake so a yi. Ban da zagi, ban da barazana, ban da dogon labari. Suna da sati takwas su ba ka amsar ƙarshe. In sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba sai ka wuce ofishin sauraron koke kan lauyoyi, Legal Ombudsman, wanda kyauta ne a gare ka. Kuma a nan ne agogo yake gudu a kanka, don tun 1 ga Afrilu 2023 aka rage wa'adin, yanzu shekara ɗaya ce daga lokacin da abin ya faru, ko daga lokacin da ya kamata a ce ka gane akwai matsala, sannan kuma cikin wata shida da samun amsar ƙarshe ta ofishin. Kai kana wata na goma da kammala ciniki, wasu abubuwan ma kamar jan ƙafar sun faru kafin nan, ka ɗora sati takwas a kai ka ga inda ka tsaya. Suna da ikon karɓar koken da ya makara in sun ga adalci ne, amma ba abin dogaro ba ne. Don Allah a wannan satin ka tura koken.

Ka kuma tabbatar kamfaninka ya cancanta, tunda da sunansa aka saya shi ne mai koken ba kai ba. Ofishin yana karɓar koken ɗaiɗaikun mutane, amma a cikin kamfanoni sai ƙanana kawai, masu ma'aikata ƙasa da 10 waɗanda cinikinsu na shekara ko kadarorinsu ba su wuce Yuro miliyan 2 ba. Daga bayaninka ina ganin kana ciki.

Ga inda tarkon yake. Iyakar abin da Legal Ombudsman zai iya umartar a biya fam dubu 50 ne, kuma a aikace abin da ake bayarwa na ɓacin rai da wahala yawanci ɗaruruwan fam ne, sai rage kuɗin aiki ko mayar da wani ɓangare, ko a sa su gyara abin da suka ɓata. In suka yanke hukuncin ƙarshe ka ce ka karɓa, ya zama dole a kan lauyan, amma kai ma ya ɗaure ka, ba za ka sake zuwa kotu kan wannan maganar ba. Yanzu ka ɗauka sharaɗin nan ya rage darajar shagonka da fam dubu 70, kai kuma ka zuba komai cikin koke ɗaya, aka ba ka fam 600 da ragin kuɗin aiki ka sa hannu cikin gajiya. Shi ke nan fa. Haka ma in ofishin lauyoyin da kansu suka yi maka tayin wani abu suka rubuta cewa wannan ya rufe duk wata da'awa, kada ka sa hannu sai wani lauya mai zaman kansa ya karanta. Shawarata ita ce ka raba su, hidima da kuɗin aiki su tafi hanyar koke, ka rubuta a fili cewa maganar sharaɗi da lungu kana riƙe da haƙƙinka a kansu, kuma ko wannan rabawar ma ka nuna wa sabon lauya kafin ka tura wa Ombudsman, saboda wani lokacin abubuwan suna shiga juna.

Babbar ƙofar ita ce da'awar sakacin sana'a, kuma labari mai daɗi a nan shi ne ba aljihun lauyan kake bi ba, inshorarsa kake bi. Kowane ofishin lauyoyi da ke ƙarƙashin SRA dole ya riƙe inshora ta aƙalla fam miliyan 2 kan kowace da'awa, miliyan 3 in ofishin kamfani ne mai rajista, kuma ba a yarda su rubuta a yarjejeniyarsu cewa alhakinsu bai kai wannan ba. Ko sun rufe ofis, inshorar tana ci gaba da rufe su shekara shida. Don haka kada tausayi ko jin nauyi ya hana ka, ko da lauyan ɗan'uwa ne ko wani ne ya haɗa ku, an tanadi inshorar ne saboda irin wannan ranar. Hasali ma ƙa'idar aikinsu ta ce in abu ya lalace su faɗa wa wanda suke wa aiki gaskiya su bayyana masa abin da zai biyo baya, kuma daga lokacin da ya bayyana kana iya ƙararsu, muradinsu ya ci karo da naka, bai kamata su ci gaba da ba ka shawara kan yadda za a gyara ba. In ya kira ka ya ce bari in gyara maka kyauta, yi godiya, ka ce ya rubuto.

Ba a fara da kotu. Akwai matakan da aka shimfiɗa kafin shigar da ƙara: sabon lauyanka zai tura sanarwar farko, sannan cikakkiyar wasiƙar da'awa mai ɗauke da abin da ya faru da kuskuren da asarar, su kuma su amsa cewa sun gani cikin kwana 21, daga nan suna da wata uku su yi bincike su ba da amsa, ko su yarda ko su musa ko su yi tayi. Da yawan irin waɗannan maganganu a teburin sulhu suke ƙarewa, ba sa kaiwa gaban alƙali. Wa'adin kotu ya fi na Ombudsman tsawo, shekara shida ne ƙarƙashin dokar wa'adi ta 1980, kuma ka fara ƙirgawa daga ranar musayar yarjejeniya don ka kasance cikin aminci, ba daga ranar makulli ba. In mutum bai gano ba sai daga baya akwai ƙarin shekara uku daga ranar da ya sani, amma komai ya mutu bayan shekara 15. Kuma kai koke wurin Ombudsman ba ya tsayar da wannan agogon.

Sai dai ina so in faɗa maka gaskiya kan abin da za ka iya samu, don kada wani ya cika maka kunne. Nuna cewa lauya ya yi kuskure bai isa ba, sai ka nuna kuskuren ne ya jawo asarar, wato da ya gaya maka da ba ka saya ba ko da ka saya a ƙasa da haka. Akwai shari'ar Hughes-Holland da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2017, wani mutum ya ba da rancen fam dubu 200 don a gyara wani tsohon gini, lauyoyinsa sun yi kuskure wurin rubuta takardun, kuɗin ya salwanta, amma kotu ta ce ba za su biya shi wannan asarar ba domin aikin dama ba mai yiwuwa ba ne ko da an kashe kuɗin a inda ya zata, asarar daga shawararsa ta kasuwanci ta fito ba daga kuskurensu ba. Ka ga ke nan lauya ba ya ɗaukar nauyin duk abin da ya same ka, sai abin da ke cikin aikin da aka ba shi. A irin naka, ma'aunin da aka saba shi ne bambanci tsakanin abin da ka biya da ainihin darajar shagon da wannan aibin a ranar saye, ko kuɗin da za a kashe a gyara aibin, da wasu kuɗaɗen da ka kashe a banza kamar kayan kicin da ka riga ka girka. Wannan kuwa sai ƙwararren mai kimanta gini ya rubuta, ba kiyasinka ba. Ribar da kake ganin da ka samu a wata goman nan ana iya nema, musamman in ya san niyyarka, amma tabbatar da ribar kasuwancin da bai taɓa buɗewa ba abu ne mai wuya, kuma za su ce ai ko babu sharaɗin ba ka da izinin kansil. Kada ka gina lissafinka a kanta.

Kuɗin shari'a ma ka sa shi a ma'auni. Kuɗin shigar da ƙara kaɗai kashi 5 ne na abin da kake nema in yana tsakanin fam dubu 10 da dubu 200, kuma a Ingila wanda ya faɗi yakan biya kaso mai yawa na kuɗin lauyoyin wanda ya ci. Shi ya sa in mai kimantawa ya ce asarar duka ba ta wuce 'yan dubbai ba, ko inshorar fam ɗaruruwa za ta rufe aibin, to Ombudsman ya fi maka, ka haɗa komai ka kai can. In kuwa ta kai dubu hamsin ko ta haura, hanyar da'awa ce. Duba inshorar kasuwancinka ko akwai ɓangaren kuɗin shari'a a ciki, mutane da yawa suna da shi ba su sani ba. Akwai kuma lauyoyin da ke karɓar irin wannan aiki bisa sharaɗin in ba a ci ba babu biya, amma ka tambayi kason da za su cire in an ci, da wanda zai biya ɗaya ɓangaren in an faɗi. Kuma ka nemi wanda sakacin ƙwararru ne fanninsa, ba mai aikin biza ko sayen gidaje ba, shafin ƙungiyar lauyoyi ta Law Society yana ba ka damar nema ta fanni.

Ragowar kuɗin aikin da ka tambaya, kada ka yi shiru kawai ka ƙi biya. Suna iya riƙe fayil ɗinka har sai ka biya, kai kuma fayil ɗin kake buƙata yanzu fiye da komai, suna kuma iya kai ka ƙara su ɗora ruwa. Rubuta musu cewa kana jayayya da bil ɗin, ka nemi a warware maka shi dalla-dalla, ka tambaye su ranar da suka sanar da kai cewa kuɗin zai wuce kiyasi, domin wajibi ne su sanar kafin ya wuce ba bayan ya wuce ba. Dokar lauyoyi ta 1974 ta ba ka haƙƙin kotu ta tantance bil in ka nema cikin wata ɗaya da karɓarsa, bayan wata ɗaya sai in kotu ta ga dama, in ka riga ka biya sai da dalili na musamman, in kuma shekara ta cika da biya ƙofar ta rufe. Akwai haɗari a ciki, in ba a rage kashi ɗaya cikin biyar na bil ɗin ba yawanci kai za ka biya kuɗin tantancewar. In ragowar ba ta da yawa, sau tari abin da ya fi shi ne ka biya ɓangaren da ba ka jayayya da shi, ko ka biya duka ka rubuta cewa ka biya ne ba don ka yarda ba, ka karɓi fayil ɗinka, ka sa maganar ƙarin cikin kokenka.

Ka kuma riƙe hannunka daga rubuta sunansu a Facebook ko Google kana kiransu ɓarayi. Ka ce ba a amsa imel ɗinka ba tsawon sati biyu, wannan abu ne da za ka iya nunawa, amma zargin sata ko damfara ba tare da hujja ba zai iya juyo maka da ƙarar ɓata suna, kuma yana taurara teburin sulhu.

Duk abin da na faɗa na Ingila ne da Wales, sai dai rukunin E na Ingila ne kaɗai, kuma a Wales harajin sayen ginin sunansa da ma'auninsa daban ne tun 2018. In shagon a Scotland yake kuwa tsarin ya sha bamban, can koke yana zuwa ne hukumar SLCC, wa'adin kotu ma ba ɗaya ba ne, sai ka sanar da ni in haka ne. In ka samu fayil ɗin, fara nemo rahoton takardun mallakar da saƙon da ka ambaci abinci a ciki, su biyun za ka ɗauka ka kai wa sabon lauyan a zaman farko.